Dutsen Inna Ya Hau Bene

A wurin aiki Walƙiya ake ce masa, a gida kuwa Auta, duk da furfura ta fara leƙo masa a gemu. Sana'arsa sa tayil da goge daɓe. In ya shiga ɗakin da magina suka bari kaca-kaca da siminti, ya durƙusa da injinsa, kafin ya fito sai ka ga haƙoranka a ƙasa kamar a madubi. Aiki kam ya iya shi, babu mai musu. Abin da bai iya ba shi ne zama. Abinci a tsaye yake ci, in kuma an matsa masa ya zauna, ƙafarsa ta dama ta dinga kaɗawa ke nan har shayin mutane ya zube. Abokan aikinsa sun ce ƙafar kare ya ci tun yana goye. Shi kuwa ya ce raini ne, ai har da cinyar ya haɗa.

Makaranta ya yi ta daidai gwargwado, wato har zuwa ranar da malamin lissafi ya juya yana rubutu a allo, ya waiwayo ya tarar da benci babu kowa, taga a buɗe. Daga nan babu abin da bai taɓa ba. Ya yi yaron mota, ya sayar da takalma, ya yi wa wani mai gidan burodi aiki har aka gane cewa wanda yake ci ya fi wanda yake kaiwa kanti. Sai da ya haɗu da injin gogewa sannan ya sami abin da ya fi shi rawar jiki, suka shirya.

Amma a ƙauye aka haife shi, kuma ƙauyen bai taɓa sakinsa ba. Yana tsakiyar aiki, ƙura ta rufe masa gira, sai ya ji kamar wata ƙara a ƙarƙashin ƙarar injin, mai tafiya da dawowa, gurr, gurr. Ƙarar da ke tashinsa daga barci ce yana yaro. Inna a durƙushe ƙarƙashin rumfa, zani ɗaure a ƙirji, tana tura ɗan dutse kan uwarsa, gari yana zubowa a faifai. Kaji sun kewaye ta suna jiran abin da zai faɗi. Baba yana wasa fartanya a bakin ƙofa, yana faɗa da jakin da ba ya jin magana. Yaya, babbar 'yar gidan, tana hura wuta tana hawaye tana cewa ba kuka take yi ba. Aikin Auta a lokacin ɗaya ne tak, ya zauna ya riƙe faifai kada kaji su sa baki. Bai taɓa kai ƙarshen niƙa ɗaya ba. Da zarar ya ji yara sun yi fito a bayan katanga, sai ya dumbuzi gari ya watsa a baki, ya bar faifai da kaji su sasanta.

"Za ka dawo ka same ni, mai ɗuwawun ƙaya!" in ji Inna. Kullum kuwa yana dawowa, kullum tana nan.

Baba ya rasu. Yaya ta yi aure a wani gari mai nisa. Samarin ƙauyen suka bi mota ɗaya bayan ɗaya, har ya zama in an yi mutuwa sai an jira masu haƙa kabari daga wani wuri. Inna ta zauna ita kaɗai, ta ce ba inda za ta. Sai da wata damina ta kwantar da katangar ɗakinta, Allah ya sa tana rijiya, sannan Auta ya zo da mota ya ɗauke ta kusan da ƙarfi. Kayanta ba su cika bayan mota ba. Akwai dai wani ɗan ƙulli mai nauyi da ta rungume a cinya tun daga ƙauye har birni, ta hana kowa taɓawa.

Gidan haya ne, a bene na sama, ɗaki biyu da falo. Tayil ɗin falon shi ya sa da hannunsa, ya goge shi har baƙi suna cire takalmi tun daga matakala. A nan Inna ta fara koyon tafiya a karo na biyu, tana bin bango da hannu, tana cewa wannan ƙasar ta mutanen da ba sa son baƙo ce.

Matar Auta, wadda yake kira Gimbiya in yana neman sulhu, yarinya ce mai ladabi, kuma ladabin nan ne ya kusa ƙarasa tsohuwa. Inna ta ɗauki tsintsiya, sai ta taso da gudu. "Haba Inna, ku kawo, muna nan za ku yi shara?" Inna ta nufi kwanuka. "Ku huta, Inna, don Allah." Ruwa a famfo, wuta a bango, gari a leda daga kanti. Aka ajiye mata kujera mai laushi a bakin taga, aka kunna mata talabijin. Ta zauna tana kallon rufin gidajen mutane.

Da farko loma ta rage, daga baya magana. Awarwaron da ke tsaye a wuyan hannunta ya fara zamewa har gwiwar hannu. Auta ya kai ta wurin likita, aka auna nan aka auna can, likita ya ce lafiyarta ƙalau, a dai ba ta abinci mai kyau. Auta ya sayo nama, ya sayo kifi, ya sayo 'ya'yan itacen da shi kansa bai san sunansu ba. Ya tsaya a kanta yana zuba surutu, yana kwaikwayon tafiyar telan da ke ƙasan benensu, wanda a da ko maraƙi zai sa dariya. Inna ta dube shi ta ce, "Auta, ku mayar da ni gida."

"Wane gida, Inna? Awaki ne a ɗakinki yanzu, kuma ba su ce za su tashi ba."

"Ku mayar da ni."

Maganar ta kai kunnen Yaya. Ta kira shi a waya yana kan aiki, ya kashe injin ya fita baranda yana kai da kawowa.

"Kai Auta, kashe mana uwa za ka yi?"

"Yaya, wallahi babu abin da ta nema ta rasa."

"An ce ta koma kamar tsinke. Tunda gida take so, gida za ta. Ƙarshen wata zan zo da mota, in sa a ɗaga mata ɗaki ɗaya."

"Wa zai ɗebo mata ruwa? In ta faɗi wa zai ji? Ƙauyen nan fa saura tsofaffi da kurciyoyi."

"Gara ta mutu a inda take so da ta mutu a kan kujerarka. Kai da ko faifai ba ka iya riƙewa, uwa za ka riƙe?"

Ta kashe wayar. Maganar faifan nan ta fi komai yi masa ciwo, don a duk rayuwarsa ɗauko Inna ne abu ɗaya da yake ganin ya fara bai gudu ya bari ba. In Yaya ta mayar da ita, ya san damina ɗaya ta isa.

Ranar bai gama aiki ba. Ya dawo gida da rana tsaka, ya shiga ɗaki ya fito, ya buɗe firiji ya rufe, ya leƙa taga. A nan idonsa ya faɗa kan hannuwan Inna. Tana zaune, idonta a waje, amma hannuwan ba su zauna ba. Ta haɗa su a kan gwiwa, suna tafiya gaba, suna dawowa baya, a hankali, babu komai a ƙarƙashinsu. Ya tsaya yana kallo har Gimbiya ta tambaye shi ko lafiya. Shi kuwa takalmi ya nema.

Washegari yana ƙauye. Ciyawa ta kai masa ƙugu a tsakar gida, rumfar ta zube, wata akuya ta leƙo daga ɗakin Inna ta dube shi kamar shi ne baƙon. Ya tsaya inda Baba ke wasa fartanya, bai daɗe ba. Ya koma inda rumfar ta zube, ya shiga tonon ƙasa da hannu. Wani tsohon maƙwabcinsu, wanda duk yaran unguwa ke kira Baffa, ya dogaro sanda ya zo.

"Wa nake gani kamar ɓarawon garin nan?"

"Ni ne, Baffa. Na zo biyan bashi."

"To ka makara, kajin da ka zalunta duk an cinye su." Baffa ya nuna da sanda. "Ba nan ba, matsa hagu. Ka ɗauki ɗan ma, kada ka raba uwa da ɗanta."

Dutsen niƙan Inna ya fito, baƙi ƙirin, tsakiyarsa ya lotsa kamar sirdi. A tasha kwandasta ya ce sai dai a biya masa kujera, tunda ya fi wasu fasinjoji nauyi. Auta ya ce a bar shi a gaba kusa da direba, dattijo ne.

A cikin mota ne ya ƙare wa dutsen kallo da idon sana'a, ransa ya ɓaci. Fuskar duk ramuka, ƙanana ƙanana, kamar wanda agana ta ci. Ko'ina kaushi. Shi da ke korar yaro daga aiki saboda tabo ɗaya a daɓe, ya kai wa uwarsa wannan? A falonsa? Ya ce a ransa, shekara da shekaru baiwar Allah nan tana wahala da dutse mai gargada don ba ta da mai gyara mata, ga shi Allah ya ba ta ɗa mai inji.

Bai wuce gida ba, wurin aiki ya sauka. Ya zuba ruwa, ya sa faifan inji mai kaushi, ya bi da mai laushi, ya bi da wanda ya fi shi. Uwar ya goge, ɗan ma ya goge. Da ya gama, dutsen ya fito da wani launi mai ruwan toka da ɗigo-ɗigon ja, yana ɗaukar ido. Magina suka taru. Ɗaya ya ce wannan ai sai otal. Wani ya duba fuskarsa a ciki ya gyara hula. Babu wanda ya ce uffan a kan niƙa, don duk cikinsu babu wanda ya taɓa durƙusawa gaban dutse, gari dai suke gani a kwano.

Hawa da shi bene ya zama kallo. Tela ya fito da almakashi a hannu.

"Walƙiya, kabarin wa ka tono?"

"Matashin kai na sayo maka, na ga naka ya yi laushi da yawa."

"Wallahi in ya faɗo ta rufin nan ya fasa min keke, kotu za ta raba mu."

Ya dire shi a tsakiyar falo, yana haki, ya yaye buhun da ya rufa. "Inna, ga baƙo na kawo miki."

Inna ta juyo. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta sauko daga kujera ba tare da ta dafa bango ba, ta durƙusa, ta kai hannu gefen dutsen inda wani ɗan ɓalli yake.

"Nan Babanku ya yar da shi ranar da aka kawo ni," ta ce a hankali. "Ya ce santsi ne ya kwashe shi. Ƙarya yake, ni yake kallo."

Gimbiya ta rufe baki. Auta ya ji kamar ya yi tsalle ya taɓa silin. Sai tafin hannun Inna ya hau fuskar dutsen. Ya tafi, ya dawo. Ya sake tafiya. Fuskarta ta canza.

"'Yar nan, miƙo min masara."

Aka kawo a kofi. Ta zuba kaɗan, ta ɗora ɗan dutse, ta danna, ta tura. Ƙwayoyin suka fice ta ko'ina kamar yaran da aka tashi daga makaranta. Wasu suka shige ƙarƙashin kujera, wasu suka bugi firiji, ɗaya ta gangara har bakin ƙofa. Ko ɗaya ba ta fashe ba. Ta sake zubawa, ta sake turawa. Haka.

Inna ta ajiye ɗan dutsen.

"Wa ya yi wannan?"

"Gyara shi na yi, Inna. Ba ki ga ramukan da ke..."

"Ramuka." Ta dube shi tun daga ƙafa har kai. "Ramuka ya ce, 'yar nan. Kin ji mijinki?"

Kafaɗunta suka fara rawa. Auta ya ɗauka kuka ne, har ya durƙusa zai ba da haƙuri, sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda rabonsa da ji tun Baba na da rai. Ta yi har da tari, ta share ido da bakin mayafi, sannan ta buɗe masa wuta.

"Kai wane irin sakarai ne? Haƙoransa ne ka cire! Da me zai ci hatsin, da dasashi? Ramukan nan da kake gani, ni na yi su, ɗaya bayan ɗaya. Duk sanda ya yi santsi sai in zauna in koɗa shi. Tun kafin a haifi Yayarku nake yi masa haƙora, kai ka zo rana ɗaya ka mayar min da shi tsohuwa irina!"

"To Inna, ai abu mai sauƙi ne. In ɗauko inji in tsattsaga masa..."

"Ka sake kusantar dutsen nan da wannan abin naka mai ihu, sai na tsinke maka kunne. 'Yar nan, ɗauko min ƙullina."

Gimbiya ta kawo ƙullin nan da aka hana kowa taɓawa, wanda ta daɗe tana zaton kayan gado ne a ciki. Inna ta kwance tsumma, ta kwance wani. Wani dunƙulallen baƙin dutse ne, bai fi dunƙulen hannu ba, gefe ɗaya ya cinye.

"Makoɗi ke nan," ta ce wa Gimbiya, don ta ga ba ta sani ba. "Da shi ake sara wa dutse haƙora. Babban na kasa ɗauka, shi ne na ce ko wannan."

Ta gyara zama, ta ɗaga makoɗi, ta sauke. Ƙwas. Dutsen niƙan ya zame a kan tayil ya yi gaba. Ta jawo shi, ta sake bugawa, ya sake gudu.

"Ka gani? Ƙasarka ma irinka ce, ba ta riƙe komai. Zauna nan. Sa ƙafafunka ka tokare shi."

Auta ya zauna a ƙasa, ya tokare dutse da tafin ƙafa biyu. Ƙwas. Ƙwas. Wani ɗan farin tabo ya fito a kan ƙyallin da ya ɓata yini yana yi, sai wani kusa da shi. Ƙafarsa ta dama ta fara kaɗawa. Inna ta kai mata duka da bayan hannu ba tare da ta ɗago ba.

Ba a jima ba tela ya hau bene yana huci, ya ce allura tana tsalle a hannunsa. Inna ta ce, "Yauwa ɗan nan, ka zo daidai, karɓe shi ya miƙe ƙafa." Tela ya ce ya bar wuta a dutsen guga, ya sauka.

Da yamma hannun Inna ya gaji, ko faɗin tafi ba ta ci ba. Ta ajiye makoɗi ta ce, "Wai gidan nan ba a ba ma'aikata abinci ne?" Gimbiya ta kusa faɗuwa wajen gudu kicin. Inna ta cinye, ta ce gishiri ya yi kaɗan, gobe ita za ta nuna mata.

Haka aka shiga yi. Kowace safiya kafin ya fita, Auta yana zaune a ƙasa, ƙafa a dutse, wayarsa tana ta ruri a aljihu, masu aiki suna nemansa. Ya ce a sa tsumma a ƙarƙashi, Inna ta ce tsumma yana cinye bugu. Ya ce a jingina shi da bango, ta ce bangon na mai gida ne. Ya gane dai ba tsumma ba ne matsalar, ya ci gaba da tokarewa. Tana bugawa tana ba da labari, na shekarar da fari ya sa suka niƙa abin da ko kaji ba sa ci, na ranar da Yaya ta faɗa kwatami da sabon zani, na wani jaki da Baba ya sayar sau biyu yana dawowa. Wasu ya sani, da yawa bai sani ba, don lokacin da ake yin su yana bayan katanga.

Ƙarshen wata Yaya ta zo da mota kamar yadda ta ce. Tun daga matakala take jin ƙwas, ƙwas. Ta turo ƙofa ta tarar da uwarta a durƙushe, zani ɗaure a ƙirji, farar ƙura har gira, ƙanenta kuma a ƙasa kamar wanda aka sa horo.

"Inna, me nake gani haka? Kai Auta, aikin ƙarfi ka sa ta?"

"Ni aka sa, Yaya. Dubi ƙafata."

"Inna, tashi ki shirya. Mota na jira, gida za mu."

Inna ba ta ajiye makoɗi ba. "In tafi in bar wa wa wannan? Dubi ɓarnar da ya yi. Ko rabi ban kai ba, ga ɗan ma yana jira. In na juya baya, wallahi sai ya sa masa fenti."

"To a sa dutsen a mota mana."

"A can wa zai tokare min? Baffa?" Ta buga, ta hure ƙura. "Kuma yarinyar nan ko riƙon ɗan dutse ba ta iya ba, sai na koya mata. Ki sallami mai motar, ki zo ki karɓi ƙanenki, tun ɗazu yake mutsu-mutsu kamar mai tsutsa."

Yaya ta tsaya da jaka a hannu. Ta dubi awarwaron da ya koma wuyan hannu ya tsaya, ta dubi kwanon da ke gefe, wanda aka sharce tas. Ta ajiye jakar, ta leƙa taga ta yi wa direba hannu ya tafi.

"Matsa," ta ce wa Auta.

"A'a, bar shi. Na riƙe," in ji Auta.

Yaya ta ɗaga gira, ta zauna a bakin kujera tana cire takalmi. Auta ya gyara tafin ƙafarsa a jikin dutsen. Idonsa yana kan wurin da ya rage mai ƙyalli, yana ƙiyasta kwana nawa zai ɗauke ta, da kuma abin da za a yi in ya ƙare. Can ya tuna akwai turmi a ƙauye, a bayan rumfar da ta zube.

"Inna, turmin nan naki, ba ya son ɗan gyara?"

Makoɗi ya tsaya a sama.

"Taɓa shi ka gani," in ji Inna.